Wanda Zai Haƙa da Wanda Zai Sha

A shekarar 2024 gwamnatin Kamaru ta ba kamfanin Camalco, wanda reshe ne na kamfanin Canyon Resources na ƙasar Ostareliya, izinin haƙar ma'adinin boksait a Minim-Martap, a kan tudun Adamawa, tsakanin Ngaundere da Tibati. Boksait jar ƙasa ce mai tauri wadda ake tacewa a fitar da goran ruwa, wato farin ƙarfen nan da ake ƙera tukwane da kwanon rufi da shi. An ƙiyasta abin da ke kwance a wurin da tuddan da ke kusa ya haura tan miliyan 1,000. Shirin da kamfanin ya bayyana shi ne a ɗora ƙasar a jirgin ƙasa, a yi tafiyar kilomita wajen 800 da ita zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala, daga nan ta haye teku.

Wannan labari ya ta da wata tambaya wadda ta girmi kamfanin, ta kuma girmi gwamnati. Idan mutum biyu suna kan ƙasa ɗaya, ɗaya yana so ya haƙa, ɗaya kuwa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar yake sha, a kan wa nauyin kawo shaida yake? Mai haƙa ne zai nuna tun farko cewa aikinsa ba zai ɓata ruwan ba, ko kuwa mai sha ne zai jira sai ruwan ya ɓaci, sa'an nan ya nemi hanyar tabbatar da cewa haƙar ce ta ɓata shi? Bari mu bi maganar a hankali, gama rayukan mutane suna rataye a kan amsar.

Abin da New Bell ta sani

Ba a haƙar ma'adini a New Bell, amma da wuya a sami unguwar da ta fi ta sanin halin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Jamusawa ne suka tsara unguwar gab da yaƙin 1914, sa'ad da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri domin su keɓe wa Turawa. Dalilin da suka bayar shi ne kiwon lafiya. Suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin mazaunin Turawa da sabon wurin da suka nufa a tura baƙaƙen fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da ƙwacen, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Da tafiya ta yi tafiya, baƙi ne suka cika New Bell: Hausawa fatake, da Bamileke, da Basa, da Ewondo, da sauransu. Waɗanda suka zana unguwar a takarda ba su taɓa shan ruwan rijiyarta ba.

Ƙasar Duwala yashi ce, ruwan sama kuwa yakan haura milimita 3,500 a shekara. Saboda haka a wurare da yawa mutum ba ya haƙa mai zurfi kafin ya tarar da ruwa. Wannan alheri ne ga matalauci, gama rijiya ba ta da wuyar samu. Amma masai ma a cikin wannan yashin ake haƙa shi. Masana kiwon lafiya sukan ce a bar ratar mita 30 tsakanin rijiya da masai. A ina za a sami mita 30 a unguwar da bangon wani shi ne bangon maƙwabcinsa? Da damina ruwan ƙasa yakan taso, abin da ke cikin ramin gida ɗaya ya bi ta yashi ya shiga rijiyar gida na biyu, ba wanda ya ga tafiyarsa. A shekarar 2004 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Duwala, unguwannin da ke dogara da irin waɗannan rijiyoyi kuwa su ne suka fi shan wuya. Ta sake dawowa birnin a 2022.

Darasin da ke cikin wannan mai sauƙi ne. Katanga tana raba gidaje a bisa ƙasa, amma a ƙarƙashi ruwan ɗaya ne. Takardar fili tana iya cewa daga nan zuwa can na wane ne, ruwan ƙasa kuwa bai san takarda ba. Duk wanda ya haƙa rami, babba ko ƙarami, ya taɓa abin da ba nasa ba ne shi kaɗai.

Tudun da ke shayar da koguna

Mutanen Kamaru sukan kira tudun Adamawa tankin ruwan ƙasarsu, kuma sunan ya dace. Daga can Binuwai ke tasowa, ta bi ta Garwa da Yola da Makurdi, ta gamu da Kwara a Lokoja. Daga can rafukan da ke zama kogin Logon ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Daga can kuma Jerem ke fitowa, wanda aka datse a Mbakau kusa da Tibati a 1969, ya gamu da Lom su zama Sanaga, kogin da ke juya injinan lantarki a Edeya.

Boksait yakan zauna a kan tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar hula. Wannan hular cike take da ƙananan ƙofofi, tana shan ruwan damina kamar soso. Ruwan yakan sauka a hankali har ya tarar da yumɓu a ƙasa, sa'an nan ya bi gefe ya ɓullo a gindin tudun. Waɗannan idanun ruwa su ne ke riƙe rafuka da rani, tun daga Nuwamba har zuwa Maris, lokacin da sama ba ta ba da ko ɗigo. A wurinsu mata ke ɗiba, a wurinsu makiyaya ke shayar da shanu, a gefensu kuma ake noman rani.

Mai haƙar boksait yakan share itatuwa, ya kwashe ƙasar noma ta sama, sa'an nan ya ɗebe hular kanta. Gaskiya ne boksait ba guba ba ne irin na dalma, kuma in ɗanyensa za a tura waje, ba a zuba masa sinadari a wurin haƙa. Ya kamata a faɗi wannan domin kada a tsorata mutane da abin da babu. Haɗarin da ke akwai iri biyu ne. Na ɗaya, in ƙasa ta zama tsirara, ruwan damina yakan kwashi jan laka daga ramuka da hanyoyin manyan motoci ya zuba a rafi. Na biyu, in soson ya ragu, ruwan da dā yake nutsewa yana iya gudu gaba ɗaya cikin kwana kaɗan, idon ruwa kuma ya yi rauni tun rani bai yi nisa ba. Yawan abin da zai faru ya dangana ga yanayin kowane tudu da irin kulawar mai aikin. Awo ne kaɗai zai nuna shi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A yankin Boke na ƙasar Gini, inda haƙar boksait ta bunƙasa ƙwarai, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2018. A ciki mutanen ƙauyuka da dama suka ba da shaida cewa rafukansu sun cika da laka, wasu idanun ruwa sun ƙafe, mata kuma sun koma yin doguwar tafiya neman ruwa.

A Arlit ta ƙasar Nijar an fara fitar da yuraniyom a 1971. Ruwan da garin ke sha tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin hamada shekaru dubbai da suka wuce, wanda ruwan saman yau ba ya mayar da gurbinsa. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ce cikin samfurin ruwa biyar da ta auna, huɗu sun haura ma'aunin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva ya musanta sakamakon rahoton. Tun da yake yuraniyom yana cikin duwatsun wurin tun fil azal, kowane ɓangare yana da abin faɗi. Da a ce mutanen gari suna riƙe da awon farko wanda kowa ya sa hannu a kai, da gardamar ta zo da sauƙi.

A Zamfara kuwa, a 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A nan babu baƙon kamfani. Iyaye ne da kansu suke niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, suna wanke shi a kududdufi da bakin rijiya, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Wa zai ce ba su ƙaunar 'ya'yansu? Ashe kyakkyawar niyya ba ta isa ta tsare rai ba in babu sani.

A kan wa nauyin shaida yake?

Wani zai ce, ai a kowace shari'a mai ƙara ne ke kawo shaida, ba a kuma hukunta mutum a kan laifin da bai riga ya yi ba. Don me za a juya wannan doka a kan mai haƙa? Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma akwai dalilai uku da suka sa batun ruwa ya bambanta.

Dalili na fari shi ne, aikin da kansa yana shafe shaidar. Idan ɓarawo ya shiga gida, maƙwabta sun san abin da ke cikin gidan dā. Amma in an ɗebe kan tudu, idon ruwa kuma ya ƙafe bayan shekara biyar, da me matar ƙauye za ta nuna yadda yake gudu a watan Maris kafin a fara? Za ta ce tun tana yarinya bai taɓa ƙafewa ba. Za a amsa mata cewa fari ne, ko canjin yanayi, ko yawan shanu. Mai yiwuwa ma gaskiya ne. Ba wanda zai iya rarrabewa, gama mashaidin da zai raba gardamar, wato awon da ya kamata a yi tun farko, ba a kira shi ba. Wanda ya ce a jira sai ɓarna ta auku, ya ce ke nan a yi shari'a bayan an binne mashaidi.

Dalili na biyu shi ne, mai haƙa ne yake kawo canji. Mai sha yana nan yadda kakanninsa suka bar shi, bai roƙi kome ba. A al'adarmu, sa'ad da mutum zai karɓi shanun wani domin kiwo, akan ƙirga su a gaban shaidu kafin ya kora su, a duba mai ciki da mai gurgunta. Ba wanda yake ɗaukar wannan ƙirga zargin sata ne. Makiyayi mai gaskiya shi ya fi kowa son a yi ta, gama ita ce za ta wanke shi ranar mayarwa. Izinin haƙa ma amana ce irin wannan. Ƙasa ta ba da tudu na wasu shekaru, kuma wanda ya karɓa shi ya wajaba ya ce, ku zo mu ƙirga abin da na tarar.

Dalili na uku shi ne, hasarar ɓangarorin biyu ba daidai take ba. In an jinkirta aiki domin a auna ruwa, kamfani ya yi hasarar lokaci da kuɗi, waɗanda riba za ta mayar. In an yi gaggawa ruwa ya ɓaci, wanda ya yi hasara ba shi da wani tudu da zai koma. Ma'adini yana da farashi a kasuwannin duniya, ana iya sayensa a Gini ko Ostareliya. Ruwan sha ba shi da madadi. A shekarar 2010 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan adam ne, amma kowace uwa ta san haka tun kafin a rubuta.

Maganar talauci da maganar diyya

Wani kuma zai ce, ku masu ƙoshi ne shi ya sa kuke wannan dogon tunani. Samarin Adamawa suna zaune ba aiki. Masana'antar Alucam ta Edeya tana narka goran ruwa tun 1957, amma shekara da shekaru daga waje ake kawo mata kayan aikin, alhali kuwa ga boksait kwance a cikin ƙasar. Sai yaushe za a ci moriyarsa? Wannan kuka na gaskiya ne. Barin arziki a binne alhali mutane suna yunwa ba halin kirki ba ne. Amma neman a auna ruwa ba ya nufin a hana aiki. Wanda ya duba zurfin kogi kafin ya sa ƙafa, ai ƙetarewa yake so ya yi. Talauci ma shi ya fi ƙarfafa hujjar, domin mai kuɗi in rijiya ta ɓaci sai ya sayi ruwan gora, matalauci kuwa abin da ya samu shi zai sha.

Akwai kuma masu cewa, in rafi ya lalace kamfani zai haƙa rijiyar burtsatse, shi ke nan an biya. Rijiyar burtsatse abu ne mai kyau. Amma famfonta yakan lalace, kuma izinin kamfani yana da ranar ƙarewa. Wa zai gyara bayan sun tafi? Garken shanu ɗari ba ya shan ruwa a famfon hannu, kifi ba ya zama a cikinsa, ba a noman rani da shi. Ban da haka, wanda ya karɓi diyya yau ya karɓa ne a madadin jikokin da ba a shawarce su ba. Mutanen Jos da Bukuru suna zaune har yau da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, masu haƙar kuwa sun daɗe da tafiya. A Betare-Oya, a gabashin Kamaru, ramukan zinariya da aka bari a buɗe sun cika da ruwa, sun ci rayukan mutane da dabbobi.

Yadda awo na gaskiya yake

Kamaru ba ta rasa doka ba. Dokar kare muhalli ta 5 ga Agusta, 1996 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka kafin a fara su. Akwai dokar ruwa ta 1998, da sabuwar dokar ma'adinai ta Disamba 2023. Amma rijiya tana iya ba da ruwa guga ya hana. Ana iya cika sharaɗin doka a takarda alhali adalci bai cika ba. Ga abin da lamiri yake bukata ga kowane aikin haƙa, a ko'ina yake.

A auna zurfin rijiyoyi da gudun idanun ruwa da rani da damina, aƙalla shekara guda cur, gama awon watan Agusta ba ya faɗin halin watan Maris. A rubuta launin ruwan da abin da ke narke a cikinsa. A ƙirga dukan masu amfani da shi, har da Mbororo masu yawon kiwo, waɗanda mai yiwuwa ba su nan ranar da mai rubutu ya zo. A sa wani wanda ba ya cin albashin kamfani ya maimaita awon, kamar malaman jami'ar Ngaundere. A karanta wa mutane sakamakon da Fulatanci da Hausa da Mbum da Gbaya, domin rahoton Faransanci mai kauri da ke kulle a ofis bai sanar da kowa kome ba. A bar kofe a hannun dagatai da masu unguwa. A ci gaba da aunawa a wuraren nan kowace shekara muddin ana aiki. A kuma ajiye kuɗin cike ramuka da mayar da ƙasar noma tun ana samun riba. In ma an riga an fara aiki a wani tudu, sauran tuddan da ba a taɓa ba suna nan, lokacin auna su bai ƙure ba.

Ina ruwanmu?

Mai karatu a Duwala zai iya cewa, ruwan famfonmu daga Dibamba da Mungo yake zuwa, laka ta Adamawa ba za ta iso tulunmu ba. Haka ne. Amma naman da ake ci a Duwala, yawancinsa daga shanun arewa ne, kuma da yawa daga mazaunan unguwannin Hausawa suna da dangi a Ngaundere da Tibati. Tashar birnin nan ce aka shirya ƙasar za ta bi, 'yan birnin za su sami aikin lodi da sufuri. Wanda zai ci daga ribar abu yana da rabo a cikin alhakinsa. Ko da babu wannan duka, maƙwabtaka ba ta tsaya ga wanda muke gani ba. Duk wanda aikinmu ko shirunmu zai iya taɓa ruwan shansa, maƙwabcinmu ne.

Sai dai mudun da muke so a auna wa kamfani, da shi za a auna mana. Mai gidan haya da zai haƙa sabon masai, ya fara tambaya ina rijiyar maƙwabcinsa take, ya kuma ɗaure ramin da siminti. Makaniken da yake zubar da baƙin mai a kwata, da marinin da yake tuttular da ruwan rini a bayan gida, su sani yashi yana kai saƙonsu gidan wani. Ba daidai ba ne su ce, in ya cuce ka kawo shaida. Su ne masu haƙa a wannan ƙaramar shari'a, nauyin yana kansu.

Saboda haka, 'yan'uwa, sa'ad da aka kira taron jin ra'ayin jama'a a kan wani aikin haƙa, kada mu tsaya ga tambayar mutum nawa za a ɗauka aiki. Mu tambaya kuma: An auna ruwan? A wane wata? Wa ya auna? Ina takardar take? Mai aiki na gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, kamar yadda makiyayin kirki yake murna da ƙirga. Wanda ya ji haushinsu kuwa ya riga ya ba mu amsa.